Labarin da Ba a Kai wa Kaka Ba

Ranar da Kaka ta rasu an rasa wanda za a aika ya sanar da matan unguwa. Shekara da shekaru ita ake aikawa a New Bell, unguwarmu a birnin Douala, in mutuwa ta faɗo wani gida, yau kuma ga ta kwance an lulluɓe ta da mayafin sallarta. Mama ta fita ƙofar gida ta dawo, ta sake fita ta sake dawowa, ta rasa gidan da za ta fara yi wa sallama. Daga ƙarshe labarin ya kai kansa ta waya, hanyar da Kaka ta fi tsana a duniya. Kafin azahar tsakar gidanmu ta cika, ana ta sheƙa ruwan sama, takalman mata sun taru a bakin kwata har wasu sun bi ruwa sun tafi.

Kowace mace da ta zauna sai ta ba da labarin ranar da Kaka ta je gidanta. Wata tsohuwa daga bayan masallaci ta ce, "Ita ta kawo mini mutuwar maigidana, amma wallahi har yau ban tuna ta furta kalmar da bakinta ba." Maƙwabciyarmu Kirista, mai gasa kifi a bakin titi, ta shigo ba takalmi, ta riƙe hannun Mama tana ta cewa "Ashiya, ashiya," wato gaisuwarsu ta ta'aziyya. Har wani ɗan kasuwa da Kaka ta taɓa wankewa tas a gaban shagonsa ya zo ya tsuguna a zaure yana share ido da hularsa.

Sai dai ƙarƙashin "ya haƙuri" akwai wata tambaya da ke yawo ƙasa-ƙasa. Mace za ta gama gaisuwa, ta matso kusa da ni, ta rage murya ta ce, "Ke da kike zama da ita, ta sani kuwa?" Abin da suke nufi shi ne mutuwar Baffa, autan Kaka. Watanni kafin nan ya rasu a hatsarin mota a hanyar arewa, kuma gidanmu da unguwar gaba ɗaya muka haɗa baki muka ɓoye mata. Matar da ta kai wa kowa labarin mutuwa, ita ba a kai mata na ɗanta ba.

Ni jikarta ce, 'yar ɗanta na fari. A lokacin ina ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, ina shirin bak, jarrabawar fita, kuma ɗakina ɗaya da ita. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don na gaji da cewa "ban sani ba" a baki, ina so in faɗi dalilin da ya sa ban sani ɗin ba.

A New Bell aka haife ta. Iyayenta sun gangaro daga ƙasar Kano da fataucin goro, suka zauna. Sau ɗaya ta taɓa zuwa can, ta dawo tana cewa miyarsu ba manja, amma har ta mutu in ta ce "gida" can take nufi. Hausarta cike take da Faransanci da Fijin, wato gurɓataccen Turancin kasuwa, duk da haka ba ta jin kunyar gyara wa baƙin 'yan kasuwa da suka zo daga Kano jiya-jiya Hausarsu. Ni kuwa "Madam" take kirana, saboda littattafai. In ta ga na ɗauki biro sai ta ce, "Madam za ta shiga ofis, a yi shiru."

Aikinta ba a biyanta, ba kuma wanda ya naɗa ta. Mutanenmu da yawa a kan hanya suke ci, direbobin manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, da 'yan dako, da fatake, saboda haka mutuwa takan same su nesa da gida, labari ya fara isa ga maza. Daga nan sai a nemi Kaka. Tana da ƙa'idojinta, ba ta kuma sassauta ko ɗaya. Ba ta zuwa sai babban gidan mamacin ya aike ta da bakinsa. "In ba aike," in ji ta, "gulma ce kawai." In ta shiga gida takan fara duba hannun matar. In akwai wuƙa sai ta karɓa ta ce bari ta taya ta yanka. In akwai mai a wuta sai ta ce a sauke, hayaƙi na damunta. In akwai goyo sai ta kwance shi ta miƙa wa wata. Sannan ta nemi ruwa, ta kurɓa kaɗan, ta ajiye sauran kusa da matar, ta zauna gwiwa da gwiwa da ita. Sai ta ce, "Jikin wane ya yi tsanani." Daga nan ba ta ƙara cewa uffan. Takan zauna tana jira, komai daɗewa, har matar ta ɗago kai da kanta ta ce, "Ya rasu ko?"

Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta faɗa kawai a huta ba. Ta ce, "Madam, abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya fi iya ɗauka. Ni rakiya nake yi."

Faɗanta da ɗan kasuwan nan kuwa, kowa a unguwa ya san shi. Sabon zuwa ne a lokacin, yana da shagon kayan waya. Aka kira shi aka ce wani direba ya rasu, shi kuma don ya nuna shi ya fara ji, ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa, har da hoto. Matar direban tana gaban kasko tana suya ta gani, ta faɗa kan mai. Har yau hannunta na dama da tabo. Washegari Kaka ta ɗaura ɗamara ta tafi shagon da sandarta. Ba ta zage shi ba, ta dai tsaya a ƙofa yadda ba mai shiga, ta ce, "Ɗan nan, uwarka na da rai?" Ya ce tana nan. Ta ce, "Ba ni lambarta in ajiye. Ranar da taka mutuwar ta zo, da hoto zan tura mata." Mutumin ya rasa inda zai sa kansa, ya bi ta har gida yana ba da haƙuri. Daga ranar duk Juma'a sai ya aiko mata da goro, ita kuma ta karɓa ta ce bai yi ɗaci yadda take so ba.

Maƙwabciyarmu mai kifi ma ita ta je mata, ranar da ƙarfe ya faɗo wa ɗanta a tashar jiragen ruwa. Danginta ne suka zo suka roƙa, don sun ga yadda take yi wa namu. Da Fijin da guntun Faransanci ta yi aikin, ta kuma kwana uku tana dafa wa gidan abinci, tana mitar cewa ba su san gishiri ba.

'Ya'yanta uku: Baba, da Gwaggo da ke aure a unguwar Cité des Palmiers, da Baffa. Baba ɗan fari ne, don haka akwai kunya tsakaninsu irin ta da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, in za ta yi maganarsa sai ta ce "babanku" ko "mai gidan nan". Kullum da safe kafin ya tafi aikinsa na fitar da kaya a tasha, yakan cire takalmi ya tsuguna a bayan labulen ɗakinta.

"Inna, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Akwai abin da ake buƙata?"

"Babu."

Tun da na yi wayo, hirarsu ke nan. Baffa kuwa ba labule tsakaninsa da ita. In ya dawo daga tafiya kai tsaye gadonta yake hayewa da ƙurarsa, ta yi ta dukansa da mafici yana dariya. Kullum yakan kawo mata zuma daga garin Ngaoundéré da ke kan hanyar arewa, a kwalbar ruwa ta roba, kuma kullum kwalbar ba ta cika, don yana tafe yana lasa. Takan ɗaga kwalbar a haske ta ce, "Ɓarawo, yau har ina ka sha?" Shi kuma ya rantse rana ce ta ƙone ta.

Lokacin da labarin hatsarin ya zo, Kaka ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba. Zuciyarta ce, kuma likita ya ja wa Baba kunne kada a bari wani abu ya girgiza ta. A can arewa aka binne Baffa, matarsa da 'ya'yansa dama a Garoua suke. Baba ya tara mu a zaure ya ce ba za a faɗa mata ba sai ta yi ƙarfi. Ya tafi arewa da sunan rakiyar kaya. Zaman makoki a gidan Gwaggo aka yi shi, can Cité des Palmiers, mata suna fita daga New Bell ɗaya-ɗaya kamar masu zuwa kasuwa. Aka ce wa Kaka Baffa ya samu doguwar tafiya zuwa Chadi, inda ba rezo, wato waya ba ta kamawa, kuma wayarsa ta faɗa ruwa. Ban san wanda ya ƙara zancen ruwan ba, ƙarya ɗaya ma ta isa. Matan da ke zuwa duba ta idonsu jawur, kowace ta ce hayaƙi ne. Kaka ta ce, "Bana itacen Douala ɗanye ne ke nan."

Unguwar da in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci zai ce maka sannu, ita ce ta riƙe wannan magana wata da watanni. Har yau ina mamaki, kuma har yau ban tabbata ta riƙe ɗin ba.

Da aka kwana biyu Kaka ta fara cewa zumarta ta ƙare, sai Baba ya aiki Mama kasuwar Marché Dakar ta sayo mai kyau, aka juye a kwalbar ruwa, aka ce wani direba abokin Baffa ya kawo. Ni na miƙa mata. Ta ɗaga kwalbar a hasken taga kamar yadda ta saba. A cike take har wuya. Ba wanda ya tuna a rage. Ta daɗe tana kallonta. Sai ta ce, "Auta ya yi hankali." Ta ajiye ta a ƙarƙashin gado, ba ta sake tambayar zuma ba.

A cikin wannan hali malaminmu na adabi ya ba mu rubutun muhawara, abin da muke kira disertasiyon. Littafin da muke karantawa a aji labarin wata yarinya ne a ƙauyen masunta. Ubanta tsohon masunci ne, ya makance, yana kwance ba lafiya. Kwalekwalen wanta ya kife ya mutu, ita kuma ta ɓoye wa uban, ta ce ya tafi su a wani gari. Takan sayo kifi a kasuwa ta ce wan ne ya aiko. Haka uban ya mutu ba a faɗa masa ba. Tambayar ita ce: yarinyar ta yi daidai ko ba ta yi ba? Malamin ya zana mana tsarin a allo, yadda ya saba: ka kawo hujjojin masu cewa ta yi daidai, ka kawo na masu cewa ta yi laifi, sannan ka tsaya a wuri ɗaya ka kare shi. 'Yan ajinmu suna ta ƙorafin tsawon rubutun. Ni ji na yi kamar an leƙa gidanmu ta taga.

Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ta fi ta kowa. Na ce zan ba Kaka labarin a matsayin aikin makaranta, in ji hukuncinta. In ta ce yarinyar ta kyauta, shi ke nan, na huta. In ta ce ta yi laifi, to ta ba ni izini da bakinta, zan san yadda zan yi a faɗa mata. Wa ya fi ta sanin wannan fanni?

Na ba ta labarin da hantsi ranar Asabar, tana tauna goro. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ta kyauta mana. Tsoho na fama da kansa, a ɗora masa wani kaya? Yarinyar kirki ce. Rubuta." Na rubuta, zuciyata ta yi sanyi, ranar har abinci na ci da yawa.

Washegari ina guga ta kira ni. "Madam, yarinyar nan taki ta littafi. Ɓarauniya ce."

"Kaka, jiya kika ce ta kyauta."

"Jiya ke nan. Ɗan waye ya mutu? Nasa ne. Kukan nasa ne, addu'ar tasa ce. Ita wa ya ba ta ajiya?"

"To wanne zan rubuta?"

"Ba kin ce malaminku gefe biyu yake so ba? Ga biyu nan."

"Yana son in zaɓi ɗaya a ƙarshe."

"Shi ya taɓa kai wa wani labarin mutuwa?"

Na ce ban sani ba. Ta ce to in tambaye shi. Ta juya ta ci gaba da jan carbinta, ta bar ni da dutsen guga a hannu har na ƙona wuyan rigar makaranta.

Bayan kwana biyu ta sake tayar da zancen da kanta, ni ban ma ɗauko littafin ba. Ta ce, "Kin ce masunci ne tsohon?" Na ce e. "Kuma kifin kasuwa take kawo masa?" Na ce e. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Mutumin da ya tsufa a ruwa. To." Sannan ta ce, "Littafin ya faɗi abin da yake yi in ta fita daga ɗakin?"

Na buɗe na duba, na sake dubawa. Babu. Duk inda yarinyar ta fita, labarin binta yake yi.

"Mai littafin ma ya bi ta waje ke nan," in ji Kaka, "ya bar tsoho shi kaɗai. Haka ake yi dama."

Wannan maganar ta hana ni sukuni. Na rasa ko da ni take, ko da littafin. Kaka mace ce mai son musu don musu, in ka ce fari ta ce baƙi don ta ga yadda za ka yi, kuma ta sha yi mini haka a kan abubuwan da ba su kai wannan ba. Ranar da na ce lallai ta sani, sai in ji ta tana gaya wa wata baƙuwa cewa in auta ya dawo za ta sa ya gyara mata ƙofar bayi. Ranar da na ce ba ta sani ba, sai in shigo in tarar ta juya fuska bango, ba barci take ba, kuma ba ta amsa sallamata sai na maimaita.

Wata la'asar, Mama ta tafi kasuwa, Baba bai dawo ba, na kasa jurewa. Kaka na zaune a bakin gado tana yanka kuɓewa. Na je na karɓi wuƙar na ce bari in taya ta. Na ɗebo ruwa a kofi na kurɓa na ajiye kusa da ita. Na zauna gwiwata na taɓa tata. Ta dubi wuƙar, ta dubi kofin, sannan ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonta ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Kaka."

"Ba kowa."

"E."

"To ba ni wuƙata." Na miƙa mata. Ta ɗauki kuɓewa ta ci gaba da yanka. "In za ki koyi aikin, ki koye shi da kyau. Ba a zuwa sai babban gida ya aika. Kuma kin bar rediyo a kunne." Daga nan ta shiga tambayata yaushe ne bak, ko an sayo mini biro na kirki.

Da magariba na tare Baba a zaure na gaya masa duka, da zumar, da kifin, da wuƙar. Ya ce, "Kin san Inna da tsokana. Da ta sani da ta tambaya." Na ce, "Baba, wa za ta tambaya? Kai?" Bai yi mini faɗa ba, ko da yake na cancanta. Ya ce, "Bari ta ƙara ƙarfi." Na ga bayan haka yakan ɗan daɗe a tsugune bayan ta ce "babu", kamar akwai saura. Ita ma ba ta sallame shi da wuri. Sai can ya ce, "To, na tafi," ta ce, "A dawo lafiya."

Rubutuna na miƙa shi a makare. Na cika shafuka da hujjojin gefe biyu, yawancinsu na Kaka ne na mayar da su Faransanci. Da na zo wurin tsayawa sai na kasa. Na rubuta cewa ba za a iya yanke wa yarinyar hukunci ba sai an san abin da tsohon yake yi in ta fita. Malamin ya ja jan layi a ƙarƙashi, ya kira ni gaban tebur ya ce, "Il faut choisir, ma fille. Dole ki zaɓa. Wannan tambaya kika mayar mini, ba amsa ba." Na so in tambaye shi abin da Kaka ta ce in tambaye shi, amma na karɓi takardata na koma wurin zamana. Ba laifinsa ba ne, aikinsa yake yi, ko da yake ranar na ji haushinsa ƙwarai.

Ƙarfin da Baba ke jira bai zo ba. Na gama jarrabawa, damina ta kankama, wata safiya bayan ta yi salla ta ce in miƙo mata mayafi tana jin sanyi. Kafin in dawo da shayi ta tafi. Allah ya jiƙanta, ya sa yadda ta raka matan unguwar nan a ranakunsu masu nauyi ita ma ta samu rakiya, ya haɗa ta da autanta a inda ba a ɓoye wa kowa komai.

Ranar sadakar uku mai waina ta unguwarmu ta kawo wainar da aka sa ta yi. Ta sauke roba a tsakar gida, ta gaisa, ta ƙi tafiya. Baba ya shigo ɗaukar tabarma, Gwaggo da Mama suna nan. Sai ta ce akwai maganar da ke cinta. Wai watannin baya Kaka ta kira ta ta taga da sassafe, ta ba ta sabon turmin atamfa daga akwatinta a madadin kuɗi, ta ce ta yi waina babbar roba a wata Laraba da ta ambata, ta kai masallaci sadaka, kada ta biyo da ita ta ƙofar gidan, kada kuma ta gaya wa kowa.

Baba ya tambaye ta wace Laraba. Ta kwatanta masa. Ya ƙirga a yatsunsa, ya sake ƙirgawa. Ranar arba'in ɗin Baffa ce, ranar da mu ma muka sulale ɗaya-ɗaya zuwa gidan Gwaggo muka yi tamu sadakar, muka bar Kaka da cewa biki za mu.

Gwaggo ta ce, "Dacewa ce. Inna kullum cikin sadaka take. Ta ce miki don wa?"

"Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba."

"To kun ji. Ina za ta san ranar? Wa ya gaya mata?"

Mama ta ce a hankali, "Ranar da labarin ya zo na ƙona shinkafa. Tun da na zo gidan nan ban taɓa ƙona shinkafa ba." Gwaggo ta ce wannan ba hujja ba ce, ta fashe da kuka, tana cewa ita dai ta san uwarta ta tafi da kwanciyar hankali, kada wanda ya ɓata mata wannan. Wataƙila ita ke da gaskiya. Na leƙa ƙarƙashin gado daga baya, kwalbar zumar tana nan a cike, amma mai ciwon zuciya da bakinta ba daɗi ma tana iya ƙin shan zuma. In ba ta sani ba, mun tsare ta. In ta sani, to matar da ba ta taɓa barin wata ta ji mutuwa ita kaɗai ba ta yi makokin autanta a ɗaki ɗaya da ni, fuska a bango, ba wanda ya ce mata ya haƙuri. Na juya abin ta kowane gefe, har yau in aka ba ni takardar nan ban san abin da zan rubuta a ƙarshe ba.

Baba bai sa baki a musun ba. Ya ajiye tabarmar da ya zo ɗauka. Ya tafi ƙofar ɗakin Kaka, inda labulenta ke rataye har lokacin, ya cire takalmansa ya tsuguna a wurin da yake tsugunawa kullum. Na ɗauka mantuwa ce ta sabo, har Mama ta yunƙura za ta je ta taɓa shi.

Ya ce, "Inna, ni ne. Ban aiko kowa ba, na zo da kaina." Ya ƙara da cewa, "Inna, jikin auta ya yi tsanani."

Sannan ya yi shiru yana jira.